Yadda Muka Yi Jinyar Gwiwar Soja, Karen Baba

Na san akwai waɗanda za su yi dariya idan suka ji mace mai shekaruna ta zauna tana rubuta labarin jinyar kare. Ba zan ji haushi ba. Ni ma da ba a gidana abin ya faru ba, da na taya su dariyar. Sai dai mun yi kurakurai da yawa a makonnin farko, waɗanda suka ƙara wa dabbar nan wahala a banza, kuma ba mu samu wanda zai faɗa mana gaskiyar ciwon ba sai da muka kusa lalata ƙafar gaba ɗaya. Shi ya sa nake son in faɗi abin yadda ya faru, har da inda laifin nawa ne.

Sunana Rahila. A lokacin ina koyar da aji uku a wata firamare a Kafanchan. Maigidana, Malam Bitrus, akawu ne a reluwe, muna zaune a kwatas ɗin ma'aikata bayan tasha. Shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira, a shekarar ne muka ɗauko mahaifina, Baba Ishaya, daga ƙauyenmu da ke bayan Kwoi. Manomin citta ne, maharbi kuma a ƙuruciyarsa. Idonsa ya fara da hazo, a hankali a hankali har ya rufe, ga Mama ta riga ta rasu. Bai yi gardamar zuwa ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa, sai da karensa.

Soja kare ne irin na ƙauye, ja-ja mai farin ƙirji, ba babba ba, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Baba ya rataya masa 'yar ƙararrawar nan da maharba ke sa wa karnukansu. Babu wanda ya koya masa komai. Shi dai idan Baba ya ɗauki sanda, sai ya wuce gaba da taku uku ko huɗu, Baba na bin ƙarar. In ya ga rami ko babur sai ya tsaya, ƙarar ta yi shiru, Baba ma ya tsaya. Cikin wata biyu sun san hanyar majami'a, sun san hanyar gindin mangwaron da tsofaffin ma'aikatan loko, wato sashen injinan jirgin ƙasa, ke zama suna hira. Da su da ni, ni ce na fi ɓata hanya a garin.

A gida Hausa muke yi, don maigidana mutumin Samaru Kataf ne, ba ya jin yarenmu. Hausar Baba kuwa ba ta raba mace da namiji. Kowa "kai" ne a wurinsa, har ni.

Yanzu da nake tunawa, ciwon ya yi mana sallama tun kafin ya shigo, mu ne ba mu amsa ba. Wajen wata biyu kafin ranar da ya ji ciwon, Soja yakan tashi da safe a sandare, sai ya ɗan zagaya tsakar gida kafin ƙafar hagu ta baya ta saki. In zai zauna, ba ya lanƙwashe ta kamar ɗayar, sai ya miƙe ta gefe. Na gani, na ce salon zama ne. Ga shi ya yi ƙiba. A ƙauye kullum yana daji yana gona, a nan kuwa na saba da wani mahauci mai ba ni ƙashi da kitse, maƙwabta ma duk ragowar tuwonsu na Soja ne. Ya yi ɓul-ɓul kamar buhun acca, ni kuwa ina alfahari ana cewa na iya kiwo.

Wata Lahadi ce a farkon damina. An yi ruwa da safe, an tashi daga sujada, mu muna baya muna gaisawa da mutane, su sun yi gaba. Akwai wani lambatu kusa da layin dogo da Soja ke tsallakewa kullum ya jira Baba ya bi ta kan katako. Ranar ya yi tsalle, ƙafar ta sauka a laka ta zame, jikinsa ya juya ita ba ta juya ba. Kuka ɗaya ya yi. Da muka iso, Baba na tsaye tsakiyar hanya, ya karkatar da kai yana saurare.

Ya ce, "Rahila, duba mini shi. Ƙararrawa ba ya tafiya daidai. Da ƙafa uku yake tafiya."

Haka ne kuwa. Ya ɗage ƙafar, ko yatsun ba ya bari su taɓa ƙasa.

Makon farko mun ɗauka ƙaya ce. Na duba tafin da tocila, na buɗe tsakanin yatsu, ba komai. Maƙwabciyarmu ta ce maciji ne, muka nemi wurin sara ba mu gani ba. Muka koma ga targaɗe. Ina gasa masa da ruwan ɗumi, ina shafa man kaɗe. Na kuma yi wani abin da har yau nake jin kunyarsa: na riƙa ɓare masa rabin ƙwayar ciwon jiki irin wadda maigidana ke sha, ina cusawa cikin tuwo. Kwana uku sai ya fara amai, ya ƙi abinci. Na daina, ban gaya wa kowa ba.

A kwana na shida ya fara ɗan dafa ƙasa da yatsu. A na tara yana takawa, ɗingishin kaɗan ne. Muka gode wa Ubangiji, muka ce ya warke. Ranar Juma'a Baba ya ɗauki sanda, Soja ya miƙe yana kaɗa wutsiya, suka tafi gindin mangwaro. Da la'asar na dawo daga makaranta na tarar wani tsohon direban jirgi ne ya rako Baba gida, Soja na biye da su can baya da ƙafa uku. Gwiwar ta kumbura ta ciki, ta yi zafi rau. Wannan shi ne babban kuskurenmu na farko. Ciwon nan yana da yaudara, yakan lafa ya sa ka sake jiki.

A mako na biyu ne Kawu Danladi, ƙanen Mama, ya zo daga ƙauye da kayan citta. Mutumin kirki ne, ba ya ɓoye abin da ke ransa. Ya tsuguna ya dubi karen, ya latsa haƙarƙarinsa, ya tashi yana karkaɗe hannu.

Ya ce, "Yaya Ishaya, ka ji shawarata. Karen da ƙafar baya ta mutu ya gama aiki. Yanzu yana da jiki, masu sayen karnuka za su karɓe shi da murna ranar kasuwa. In ka bari ya rame, ko kyauta ba mai so. Ni zan kawo maka ɗan kwikwiyo daga gida."

Ba wanda bai san cewa don a ci ake sayen karnuka a wajenmu ba, kuma ba abin kunya ba ne a wurin mutane da yawa. Ni kaina, in faɗi gaskiya, na ga kamar akwai hankali a maganar. Baba ya ɗora hannunsa kan wuyan Soja.

Sannan ya ce, "Danladi, lokacin da idona ya mutu, ni ma na gama aiki. Wa ka kai ni wurinsa?"

Kawu ya yi dariyar kunya, ya ce ai mutum daban dabba daban. Baba ya ce ya sani. Daga nan Kawu ya yi sallama.

Maigidana ne ya kawo shawarar mai ɗori. Akwai wani dattijo a cikin gari da ya ɗora hannun wani abokin aikinsa ya warke sarai. Ba zan zalunci mutumin nan ba. Da ya lalubi ƙafar daga sama har ƙasa, cewa ya yi shi bai ji karaya ba, kuma bai taɓa ɗora kare ba. Mu ne muka nace. Ya jera karare, ya naɗe da tsumma, ya ɗaure tamau. Kwana biyu Soja bai huta ba, yana ta gwaguyar tsumman, mu kuma muna tsawata masa. A rana ta uku da safe Baba ya shafa yatsun ƙafar, ya ɗaga murya yadda ban taɓa jin ya ɗaga ba tun zuwansa.

"Kawo reza! Yatsu ya kumbura, ya yi sanyi. Yanke wannan abu yanzu."

Da na kwance, fatar ta saɓule a wuri biyu, tana ruwa. Sai muka koma jinyar gyambo a kan jinyar gwiwa.

Sai a mako na uku na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Na roƙi hedimasta izini, na aro baro, na shimfiɗa buhu, na ɗora Soja na tura shi zuwa asibitin dabbobi, Baba na riƙe da gefen zanina. A nan ina da ƙorafi, kuma zan faɗa. Wurin na shanu ne. Fulani ne cike da filin da garkunansu, ana allurar rigakafi. Mun zauna tun safe har rana ta take, kafin malamin dabbobi ya waiwaye mu. Ya wanke gyambon ya shafa wani magani shuɗi, na gode masa da wannan. Amma gwiwar, ko taɓawa bai yi ba. Ya ce sai likita, likita kuma sai ranar Alhamis, mako biyu sau ɗaya. Alhamis ta zo muka koma, aka ce motarsa ta maƙale a hanyar Kachia. Ba wanda ya iya aiko mana, ba wanda ya ba mu haƙuri. Tsoho makaho ya yi wannan tafiyar sau biyu a banza.

A zuwa na uku ruwa ya tsuge muna layi. Wani dattijon Bafulatani da ke gabanmu, mai shanu biyu marasa lafiya, ya dubi Baba, ya dubi karen da ke rawar sanyi cikin baro. Ya cire malafarsa ya kifa wa Soja, ya ce da ni, "Shiga da su, 'yata. Shanu sun saba da ruwa." Ban san sunansa ba, ban sake ganinsa ba. Allah ya saka masa.

Likitan saurayi ne, siriri, bai daɗe da gama karatu ba. Na fara zuba masa bayani, sai ya ɗaga hannu ya tambaya, "Karen wa ne?" Na nuna Baba. Daga nan da Baba ya riƙa magana, ni sai dai in cike gibi. Ya tambayi yadda yake zama, yadda yake tashi da safe, ko an ba shi wani magani. A nan ne na faɗi zancen ƙwayar. Ya dube ni ya ce, "Malama, kada ki sake. Maganin mutum yana iya huda cikin kare." Baba bai taɓa yi mini gori a kai ba, ko a ranar ko daga baya.

Ya yi wa Soja allurar da ta sa jikinsa ya saki. Ya kama cinyar da hannu ɗaya, ƙwaurin da ɗaya hannun, ya ja gaba. Da idona na ga ƙashin ƙasan ya zamo gaba ya koma. Sai ya yi abin da ba zan manta ba. Ya kamo hannuwan Baba, ya ɗora su inda nasa suke, ya ɗora nasa a kai.

Ya ce, "Baba, ji nan. Wannan ƙafar dama ce, lafiyayya. Ja. Ka ji ta ƙi motsi? To ga ta hagu. Ja a hankali."

Baba ya ja. Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Yana zamewa."

"Kamar aljihun tebur," in ji likita. "Ba ƙashi ne ya karye ba. A cikin gwiwa akwai wata jijiya mai ƙarfi kamar igiya, ita ke hana ƙashin ƙasa zamewa gaba. Ita ce ta tsinke. Kuma ba ranar nan ta fara ba. Ta daɗe tana sillewa zare-zare, nauyi na ƙara mata, tsallen nan ƙarasa ta kawai ya yi."

Na tambaya ko za ta haɗe. Ya ce a'a, ba ta haɗewa. Ya ce a makarantar da ya yi karatu ana yanka wurin a ɗaure da zare mai ƙarfi, amma nan ba shi da kayan aikin, tafiyar kuwa da kuɗin aikin na san sun fi ƙarfinmu tun kafin ya gama faɗa. Sannan ya ce Soja ya yi sa'a da ba babban kare ba ne. In an hana shi gudu da tsalle na wata biyu cur, aka rage masa ƙiba, naman da ke kewaye da gwiwar zai yi tauri ya riƙe ta. Zai taka, amma ɗingishi ba zai rabu da shi duka ba.

"Ku sa ido kan ta dama," ya ƙara da cewa. "Ita ke ɗauke da kayan biyu yanzu. Sau da yawa takan bi 'yar'uwarta."

A ranar maigidana ya samo tsofaffin katakai da zana, ya kewaye wani lungu na barandar kicin, daidai inda kare zai kwanta ya juya. Muka shimfiɗa buhu saboda santsin siminti. Sau uku a rana nake zura tsohon zani ta ƙarƙashin cikinsa, in riƙe bakin biyu in ɗan ɗage bayansa, mu taka zuwa bayan gida ya yi abin da zai yi mu dawo. Na daina karɓar kitse. Abincinsa ya koma ɗan tuwo da ganye da ƙashin kifi, rabin abin da ya saba. Na bi maƙwabta gida-gida na roƙe su kada su jefa masa komai.

Makonni biyun farko na kullen sun fi komai wuya, kuma ba karen kaɗai ya sha su ba. Soja na kuka a cikin shinge, Baba na zaune a ɗaki. Ba gindin mangwaro, ba zagaya unguwa. Ranar Lahadi maigidana kan riƙe hannunsa zuwa majami'a, da ladabi da komai, amma ina ganin yadda Baba ke tafiya a takure, kansa a sunkuye, kamar wanda aka kamo. Ya rage cin abinci. Na fara jin tsoron kada in rasa uba saboda ƙafar kare.

Wata rana na dawo daga makaranta na tarar ya lalubo kujerarsa ya ja ta har cikin shingen. Da ƙyar wurin ya ɗauke su su biyu. Ƙafar na kan cinyarsa, yana lanƙwasa ta yana miƙewa a hankali, yadda likita ya nuna masa, yana ƙirgawa da yarenmu. Daga ranar aikin ya zama nasa. Ni ke dafa ruwan, shi ke gasawa. Kullum da safe sai ya ba ni rahoto: yau zafi ya ragu, yau kumburi ya sauka kaɗan, cinya ya fara ramewa, a ƙara tausa. Hannunsa na jin abin da idona ba ya gani. Abincinsa ma ya dawo, ko kuwa haka na zata, don kwanonsa na dawowa fes. Sai da na lura mako uku Soja bai rage ƙiba ko kaɗan ba, na laɓe a bakin ƙofar kicin. Naman miyar Baba duka ta ƙarƙashin kujera yake bi.

Na ce, "Baba! Likita fa ya hana."

Ya ce, "Yana kallona."

"Ta yaya ka san yana kallonka?"

"Ina ji a jikina."

Na yi dariya har da hawaye. Amma na zauna na faɗa masa gaskiya, cewa kowace tsokar da ya ba shi, gwiwar ce za ta ɗauka. Sai ya ce to daga yau shi ma kada a sa masa nama, don ba zai iya ci a gabansa ba. Muka yi ta ja har muka daidaita, zai riƙa cin abinci a ɗaki da ƙofa a rufe.

A mako na shida, lokacin da Soja ya fara tsayawa da ƙafa huɗu, ni na ɓata komai. Lahadi ce. Baba da maigidana sun yi gaba, ni na tsaya ƙarasa girki. Na buɗe shingen in sa ruwa, sai na ji miya na ƙonewa, na ruga ban ɗaure ƙofar ba. Ko da na waiwayo, wayam. Na bi hanya da gudu, ban cim masa ba. Ya tsallake lambatun nan, ya haye layin dogo. Ana tsakiyar wa'azi ya shiga majami'a, shi da bai taɓa wuce gindin taga ba, ya bi tsakanin benci da ƙafa uku har ya kwanta kan ƙafafun Baba. Wani dattijon ikilisiya ya tashi zai kore shi, fasto ya yi masa alama ya zauna. Maigidana ne ya rungumo shi zuwa gida, farar rigarsa ta Lahadi duk laka.

Gwiwar ta sake kumbura kamar ranar farko. Mako shida na ɗaga zani da dafa ruwa da bin maƙwabta, duk sun tafi. Na gaji, ga takardun jarrabawar yara jibge a kan tebur, ga haushin kaina. Sai na juye shi kan wanda bai yi laifi ba. Na ce, "Da mun bi maganar Kawu da duk mun huta." A gaban Baba na faɗa.

Ya ci gaba da matse tsumma cikin ruwan ɗumi. Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata. Da na fito na durƙusa gefen kujerarsa na ce ya yafe mini. Ya lalubo kaina ya dafa.

Ya ce, "Ka gaji, Rahila. Ni da shi mun yi maka nauyi. Amma laifi nawa ne. Ya ji sandana ya fita ƙofa, dole ya bi. Daga yau ba na fita sai ranar da zai fita."

Na ce, "Sujada fa, Baba?"

"Ubangiji ya san hanyar kicin."

Haka kuwa ya yi. Ya ba ni sandarsa na ɗora bisa kabad don kada Soja ya ji motsinta. Likita ya sake dubawa ya ce a fara ƙirga daga farko, wata biyu. Ban zaci mutane za su damu ba, sai ga fasto ya zo ranar Talata ya zauna kan turmi a bakin shingen ya yi addu'a, har da sunan Soja a ciki, yana murmushi. Matan zumunta suka mayar da taronsu na Alhamis tsakar gidanmu sau biyu, suna waƙa Baba na amsawa. Tsofaffin loko ma suka riƙa zuwa bi da bi, suna tsokanarsa wai an ɗaure shi tare da karensa ba shari'a.

A hankali haƙarƙarin Soja suka fara jiyuwa a ƙarƙashin hannu. Gwiwar ta yi kauri ta ciki, taurin da ba ya zafi. Da wata biyun suka cika, likita ya ja ƙwaurin, ya sa Baba ma ya ja. Zamewar ta ragu sosai. Ya ce a fara tafiya, amma da igiya, kuma kaɗan-kaɗan. Muka yi awo da sandunan waya da ke bin layin dogo. Makon farko sanda ɗaya a dawo. Na biyu sanda biyu. In ya wayi gari yana ɗage ƙafar, sai a koma baya da sanda ɗaya. Maigidana ya ƙara faɗin katakon lambatu don kada a sake tsalle. Sai da kaka ta yi, ana haƙar citta a ƙauye, kafin suka sake kai kansu gindin mangwaro.

Wata goma bayan haka maganar likita ta tabbata. Ba tsalle, ba faɗuwa. Wata safiya Baba na tausar da ya saba, sai ya kira ni ya ce gwiwar dama ta yi ɗumi, kuma akwai ɗan ruwa a ciki. Ni ban ga ɗingishin da ya wuce na kullum ba. Amma a ranar muka mayar da shingen. Wannan karon ba karare, ba ƙwaya, ba fita don an ga sauƙi. Da likita ya duba ya ce ba ta gama tsinkewa ba, an tare ta da wuri. Mako takwas muka yi, ba koma baya ko sau ɗaya.

Abin da zan ce wa mai kare kaɗan ne. In ka ga yana tashi a sandare, ko yana miƙe ƙafar baya gefe in zai zauna, kada ka jira ranar da zai yi kuka. In ya ɗage ƙafa ba ƙaya ba rauni, tsare shi wuri ɗaya tun a ranar, ka nemi likitan da zai taɓa gwiwar da hannunsa, ko da za ka yi sawu uku kamar mu. Sauƙin kwana goma ba warkewa ba ne. Kitsen da nake ba shi don ƙauna kuwa, shi ya fi komai cutar da shi.

Soja ya yi shekara huɗu bayan wannan. Bai sake gudu ba. In damina ta yi sanyi yakan tashi da ƙyar, sai an gasa masa kafin ya taka. Tafiyarsa ta zama ta tsofaffi, yana yi yana tsayawa, Baba kuma ya rage nasa takun ya daidaita da shi. Ranar Lahadi sukan riga mu fita da kusan awa guda, duk da haka a wajen layin dogo muke cim musu, ɗaya na ɗingishi a gaba, ɗaya na lalube a baya, suna ta hirarsu da yarenmu.

Nakan rage sauri in ce, "Baba, mu jira ku?"

Shi kuwa ko juyowa ba ya yi. Sai ya ce, "Ku wuce. Ku kama mana wuri."